Ɗora bene a kan tsohon harsashi: Gyara ko ganganci?

Bayan Babbar Sallar da ta wuce mun yi zaman 'yan'uwa a zauren gidanmu na gado da ke cikin birni, kuma abin da ya tara mu bai wuce matsalar da ke damun kusan kowane babban gida a tsofaffin garuruwanmu ba, wato jama'a sun yi yawa, fili kuwa bai ƙaru ba ko da taku ɗaya. Gidan da kakanmu ya gina domin matansa biyu da 'ya'yansa, yau magidanta shida ne a cikinsa, kowa da iyalinsa. Gabas maƙwabci, yamma maƙwabci, kudu masallacin unguwa, arewa kuma lungun da baro biyu ba sa iya wuce juna a cikinsa. Saboda haka da aka kawo shawarar a ɗora bene a kan sashen da mahaifinmu ya sake ginawa da bulon siminti kimanin shekara 40 da suka wuce, babu wanda ya yi musu. Aka kira magini, ya zagaya, ya bubbuga bango da bayan hannu, sannan ya dubi babban wanmu ya ce, "Alhaji, ai wannan ginin mutanen da ne, lokacin da siminti yake siminti. Ko hawa biyu kuke so zai ɗauka."

Har an fara lissafin kuɗin rodi da bulo, sai ƙaninmu wanda ya karanci aikin injiniya ya nemi izinin magana. Ya ce, "Yaya, bango aka duba, ba a duba abin da bangon yake tsaye a kai ba. A ba ni leburori biyu da yini ɗaya." Washegari aka haƙa ramuka biyu a gindin bango. Abin da muka gani ya sanyaya wa kowa jiki, domin harsashin bai kai ƙafa biyu ba, ƙarƙashinsa kuma toka ce da tsingaro da ruɓaɓɓiyar shara. Nan take gwaggonmu ta tuna cewa a ƙuruciyarsu kududdufi ne a wurin, daga baya aka cike shi da juji. Da aka nuna wa magini, sai ya ce, "To Injiniya, ko da haka ne, wace mota ce za ta shigo wannan lungu ta yi muku sabon harsashi? Abu biyu ne, ko ku rushe gidan baki ɗaya, ko ku ɗora ku yi tawakkali."

Mai karatu, wannan magana ta magini ce ta sa na ɗauki alƙalami, domin na tabbata dubban gidaje a Kano da Zariya da Katsina da Sakkwato sun sha jin irinta, kuma da yake rushe gidan gado abu ne da ba ya yiwuwa ga mafi yawan mutane, sai a zaɓi na biyun, a ɗora, a kira shi tawakkali. Ni ba injiniya ba ne, harshe na karanta kuma shi nake koyarwa, amma ko a fagen nawa akwai abin lura: kalmar nan harsashi, ita ce sunan abin da ke riƙe da gida, ita ce kuma sunan abin da ke fita daga bakin bindiga. Wanda ya ɗora wa na farkon nauyin da ya fi ƙarfinsa, to ya mayar da shi na biyun, ya kuma saita shi a kan iyalinsa. Abin da nake son tabbatarwa a yau shi ne akwai hanya ta uku, wato yi wa tsohon gini sabon harsashi alhali yana tsaye, ko da kuwa ƙofar shigarsa ƙarama ce, kuma ya zama wajibi hukumominmu su sa wannan hanya cikin sharuɗɗan ba da izinin ƙarin hawa.

Bari in fara da gidan da ba wanda zai ce talauci ne ya jawo masa matsala, wato Fadar White House ta shugaban ƙasar Amurka. An fara gina ta a 1792, sojojin Ingila suka ƙona ta a 1814, aka sake gina ta a kan tsofaffin bangaye. A 1927 aka ƙara mata hawa na uku da ƙarfe da kankare, nauyin kuma ya sauka a kan bangayen ciki waɗanda kusan ba su da wani harsashin kirki. Shekara 20 bayan haka gida ya fara ƙara da girgiza, har a watan Yunin 1948 ƙafar fiyanon Margaret, 'yar Shugaba Harry Truman, ta ɓula daɓen bene. A ƙarshen wannan shekara dole shugaban da iyalinsa suka tsallaka titi suka koma gidan baƙi na Blair House. Akwai waɗanda suka ba da shawarar a rushe fadar a gina sabuwa, amma aka tsaya a kan a bar bangayen waje yadda suke, a kwashe cikin gaba ɗaya.

Abin da ya fi jan hankalina a labarin shi ne, Truman ya ƙi yarda a fasa bango domin shigar da manyan injuna. Saboda haka sai aka kwance katafila gunduwa-gunduwa, aka shigar da ita, aka sake haɗa ta a cikin gidan. A ƙarƙashin bangayen waje kuma aka riƙa haƙa ramuka ɗaya bayan ɗaya, aka zuba ginshiƙan kankare 126 masu zurfin kimanin ƙafa 25, har suka taka ƙasa mai ƙarfi. An fara aikin a watan Disambar 1949, shugaban ya koma gidansa a watan Maris na 1952. Darasi biyu ne a nan. Na farko, ƙarin hawa a kan bangon da ba a duba gindinsa ba yana iya ɗaukar shekara 20 kafin ya nuna illarsa, don haka wanda ya ce "ai wane ya ɗora nasa bara, ga shi nan lafiya ƙalau" bai kawo hujja ba. Na biyu, ƙuncin ƙofa matsala ce ta dabara, kuma masu dabara sun daɗe da warware ta.

To, wace irin dabara? Kafin a kai ga zaɓen hanya, akwai tambayoyi huɗu da duk injiniyan kirki zai nemi amsarsu. Wane irin harsashi ne a wurin yanzu, kuma ina zurfinsa da faɗinsa? Wace irin ƙasa ce a ƙarƙashinsa, kuma a ƙafa nawa ake samun mai ƙarfi? Ina ruwan ƙarƙashin ƙasa yake tsayawa, musamman a tsakiyar damina? Nawa ne nauyin da ake son ƙarawa, kuma ta waɗanne bangaye ko ginshiƙai zai sauka? Bayan waɗannan ne ake auna faɗin lungu da na ƙofa da tsayin rufin ɗaki, a kuma duba bangon maƙwabci, domin a cikin birni sau da yawa gida biyu bango ɗaya suke jingine da shi. Amsar tambayar farko ba ta buƙatar komai sai diga da shebur, kamar yadda muka gani a gidanmu. Ta biyu da ta uku kuma suna buƙatar gwajin ƙasa, wanda akwai ƙananan kayan yinsa da mutum biyu ke iya ɗauka a kafaɗa.

Idan ƙasa mai ƙarfi tana kusa, misali cikin mita biyu zuwa uku, kuma babu ruwa, to hanya mafi tsufa ita ce mafi dacewa da mu, domin ba ta buƙatar mota ko kaɗan. Ana raba tsawon bango kashi-kashi, kowane kashi kimanin mita ɗaya, a sa musu lamba. A haƙa ƙarƙashin kashi ɗaya, a tsallake na kusa da shi, a tokare gefen ramin da katako don kada ƙasa ta rufta wa lebura, a zuba kankare har ya kusa taɓa tsohon harsashi, a bar shi ya kama, sannan a cusa busasshen kwaɓin siminti da yashi a ɗan ratar da ta rage, a daka shi sosai domin nauyin bango ya sauka a kan sabon aikin. Sai wannan ya yi ƙarfi ake taɓa kashin da ke maƙwabtaka da shi. Ƙa'idar ita ce kada a taɓa barin babban ɓangare na bango a rataye lokaci guda. Duk sirrin aikin yana cikin wannan jerantawa, kuma a nan ne gaggawa take kisa, domin ɗan kwangilar da ya haƙe gindin bango daga kusurwa zuwa kusurwa don ya gama da wuri, kabari ya haƙa wa ma'aikatansa.

Idan kuwa akwai ruwa, lissafi ya sauya. Babbar majami'ar Winchester a Ingila misali ce. A farkon ƙarni na 20 aka ga ɓangarenta na gabas yana nutsewa, saboda magina na da sun kafa shi a kan gumagumai da ruɓaɓɓiyar ƙasar fadama. Duk ramin da aka haƙa sai ya cika da ruwa, zuƙe ruwan da famfo kuma yana iya jawo ƙasar da ke riƙe da ginin. Sai injiniya Francis Fox ya kawo shawarar a nemo mai nutso. Daga 1906 zuwa 1911, wani mutum mai suna William Walker ya riƙa shiga ramukan nan cikin kayan nutso masu nauyi, a zurfin da ya kai mita shida, cikin duhun da ba ya ganin tafin hannunsa, yana jera buhunan kankare da lalube, har fiye da buhu 25,000, kafin a iya zuƙe ruwan magina su shiga. Majami'ar tana nan tsaye har yau. Abin lura ga mazauna unguwannin da ruwa ke kwanciya shi ne, janye ruwa daga ƙarƙashin gini ba tare da lissafi ba yana iya tsaga gidanka da na maƙwabcinka a tare.

A yau ba sai an nemi mai nutso ba, domin wani injiniya ɗan Italiya, Fernando Lizzi, ya kawo sauƙi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu garuruwan Italiya sun cika da tsofaffin gine-gine masu rauni a cikin lunguna irin namu, inda babbar mota ba ta shiga, kuma bugun ƙasa da ƙarfi zai iya zubar da su. A 1952, a wata makaranta a birnin Napoli, Lizzi ya gwada huda sirarran ramuka masu faɗin kimanin santimita 10, ta cikin tsohon harsashin kansa har zuwa ƙasa mai ƙarfi, a zura rodi, a ɗura kunun siminti. Ya ba su suna da harshensu wanda ma'anarsa ita ce turakun saiwa, domin yadda saiwoyin bishiya suke riƙe ta haka suke riƙe gini. Irin waɗannan sirarran turaku, waɗanda faɗinsu ba ya wuce santimita 30, su ne a yau aka fi amfani da su a duniya idan wuri ya yi ƙunci, kuma akwai injunan haƙa su da ke shiga ta ƙofar ɗaki su yi aiki a ƙarƙashin rufi, ana haɗa bututun guntu-guntu. Duk wanda ya taɓa ganin ana haƙa rijiyar burtsatse ya ga ɗan'uwan wannan aiki.

Akwai kuma turakun ƙarfe masu kama da sukurun kafinta, waɗanda ake murɗawa cikin ƙasa ba tare da haƙa ba. Asalinsu tsoho ne, domin wani injiniya makaho ɗan ƙasar Ireland, Alexander Mitchell, shi ya yi rajistar dabarar a 1833. Suna da sauri kuma ba sa tara ƙasa a tsakar gida, sai dai ba sa ratsa dutse ko marmara mai tauri, kuma tsatsa abin lissafi ce a kansu. Akwai waɗanda ake dannawa da jak, nauyin ginin kansa ya zama madogara, wanda ke nufin ba su dace da gini marar nauyi ba. Wata hanyar kuma, wadda sau da yawa ta fi sauƙi ga gida irin namu, ita ce a ƙyale tsohon bango ya ci gaba da ɗaukar kansa kawai, a fasa daɓe a wurare ƙalilan a cikin ɗakuna, a kafa sababbin ginshiƙai masu harsashinsu na kansu, su ɗauki benen. Abin da duk masana suka yi ittifaƙi a kansa shi ne a guji buga turaku da guduma mai nauyi a jikin tsohon gini, saboda girgiza.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kowane magani ya fi rashin magani. Hasumiyar Pisa da ke Italiya, wadda aka fara ginawa a 1173, ta karkata ne saboda laushin ƙasa a ɓangarenta na kudu. A 1934 aka huda ɗaruruwan ramuka a gindinta aka ɗura siminti da nufin ƙarfafa ta, sai karkatar ta ƙaru. A 1995 aka gwada daskarar da ƙasar gindinta, nan ma ta ƙara sunkuyawa har hankalin kowa ya tashi. Abin da ya cece ta a ƙarshe shi ne shawarar kwamitin masana, cikinsu har da Farfesa John Burland na Landan, ta a riƙa zaro ƙasa kaɗan-kaɗan daga ɓangaren arewa, ana aunawa kullum, har ta miƙe da fiye da santimita 40. An rufe ta a 1990, ba a buɗe ba sai a watan Disambar 2001. Idan manyan injiniyoyin Turai sun yi kuskure sau biyu a kan gini ɗaya, ina ga birkilan da zai ce a ƙara buhu goma na siminti a gindin bango shi ke nan? Garin neman gira a rasa ido ke nan.

Mu dawo gida. Ba mu manta da ranar Juma'a 11 ga Agustan 2023 ba, lokacin da wani sashe na Babban Masallacin Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a shekarun 1830, ya rufta a kan masallata suna sallar La'asar, aka rasa rayuka. Mai Martaba Sarkin Zazzau da kansa ya bayyana cewa an ga tsaga a bango kwana ɗaya kafin nan, kuma ana shirin kawo injiniyoyi. Ba mu manta da ginin makarantar da ya faɗa kan ɗalibai a Jos a watan Yulin 2024 ba, inda mutum 22 suka rasu. Haka nan a watan Satumban 2014 masaukin baƙi na wata majami'a a Legas, wanda ake ƙara wa hawa, ya rushe ya kashe mutum 116, kuma binciken kotu ya nuna ba a sami izinin ginin ba. Kowanne da sababinsa, amma duk sun haɗu a kan abu guda: ba a san halin da gini yake ciki ba sai da ya faɗi. Ga shi kuma ƙasarmu tana da nata tarkuna. Kududdufan da kakanninmu suka haƙa don ɗibar ƙasar tubali, an cike da yawa daga cikinsu da shara an yi gini a kai. A yankin Tafkin Chadi da wasu sassan Adamawa da Gombe akwai baƙar laka mai kumbura da damina ta tsattsage da rani, tana ɗaga gini tana saukewa. Ga masai da kwata da ake haƙawa a gindin bango suna jiƙa harsashi shekara da shekaru.

Na san za a ce wannan duk zancen masu kuɗi ne, talaka da ƙyar ya tara na bulo, ina ya ga na gwajin ƙasa? Magana ce mai nauyi, ba zan raina ta ba. Amma a yi lissafi da adalci. Haƙa rami biyu a gindin bango kuɗin lebura ne na yini guda. Kuɗin kiran injiniya mai rajista ya duba ya rubuta rahoto bai kama ƙafar kuɗin rodin dekin ba. Kuma sakamakon binciken ba kullum yake cewa a kashe ƙarin kuɗi ba, domin wani lokaci yakan nuna harsashin ya isa, wani lokaci ya nuna cewa a yi saman da kayan da ba su da nauyi, wani lokaci kuma ya ce a haƙura. Wanda ba shi da halin gyara harsashi, gaskiya mai ɗaci ita ce ba shi da halin bene tukuna, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Batun tawakkali kuwa, malamanmu sun karantar da mu cewa ana ɗaure raƙumi ne sannan a dogara ga Allah.

Saboda haka ina kira ga hukumomin tsara birane na jihohinmu da kada su ba da izinin ƙarin hawa sai an kawo rahoton harsashi da na ƙasa mai ɗauke da hatimin injiniya mai rajista da hukumar COREN, su kuma rage kuɗi da jan ƙafar da ke sa mutane gudun ofisoshinsu. Nijeriya tana da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa tun 2006, abin da ya rage shi ne aiki da shi. Ina kira ga gwamnatocin jihohi su fitar da taswirar tsofaffin kududdufai tun dattawan da suka san wurarensu suna raye, a liƙa ta a ƙofar kowane mai unguwa. Ina kira ga jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha su buɗe ɗakunan gwajin ƙasarsu ga jama'a a kan farashi mai rahusa, su kuma haɗa kai da masu haƙa burtsatse wajen samar da ƙananan injunan da za su iya shiga lungu. Mu ma malaman harshe muna da namu laifin, domin maginin da ya ce mana abu biyu ne kawai ba mugu ba ne, abin da ya sani ya faɗa, kuma wannan ilimi yana kulle cikin littattafan Turanci. Ya kamata mu zauna da injiniyoyi da sarakunan magina mu fitar da ɗan littafi da shirye-shiryen rediyo cikin Hausar da birkila zai gane.

Ga mai gida kuma, alamomin ba ɓoyayyu ba ne: tsagar da ta bi bango a karkace kamar matakala, wadda ta fi faɗi a sama ko a ƙasa, ƙofar da ta fara cijewa, daɓen da ya rabu da bango. Kada a shafe tsaga da siminti a yi fenti. A sa mata alama da kwanan wata, a riƙa aunawa, idan tana ƙaruwa a fitar da iyali daga ɗakin kafin a nemi masani.

Mu dai a gidanmu an dakatar da bene. An amince a kafa sababbin ginshiƙai daga cikin ɗakuna a lokacin rani, ɗaki ɗaya bayan ɗaya, yashi da tsakuwa kuma a baro za su shigo, kamar yadda kayan ginin kakanmu suka shigo a kan jaki. Zai ɗauki lokaci fiye da yadda muka so, wasu daga cikinmu ma har yanzu suna gunaguni. Amma gwaggonmu, wadda ɗakinta ne zai kasance a ƙarƙashin benen, ta ce ita dai yanzu ta samu barci.

Allah Ya jiƙan waɗanda gine-gine suka rufta wa, Ya kare mu da iyalanmu, Ya kuma ba shugabanninmu ikon yin abin da ya dace tun kafin bango ya faɗi. Amin.